Bikin sabon hatsi na mabiya Wika, da abin da ya sa na tuna da kakar Adar

A ranar 1 ga watan Agusta na kowace shekara, lokacin da hatsinmu a nan Adar, yankin Tawa a Nijar, yake tsakiyar girma, wata gona ta fara ɗaukar ciki wata kuma ko maimai ba a gama yi mata ba, akwai mutane a Ingila da Ayilan da Amurka da suke taruwa a cikin lambuna da filayen bayan gari domin yin bikin sabon hatsi. Mafi yawansu ba manoma ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da masu aikin kwamfuta, waɗanda burodin da suke ci daga kanti yake fitowa. Duk da haka suna gasa burodi da hannunsu a wannan rana, suna saƙa 'yar tsana da karan alkama, suna tsayawa a da'ira suna gode wa ƙasa da rana saboda amfanin gona. Suna kiran bikin Lamas ko Lunasa, kuma su mabiya addinin Wika ne da sauran ƙungiyoyin da suke ƙoƙarin farfaɗo da addinan da Turawa suka bi kafin zuwan Kiristanci.

Ni Musulmi ne, ɗan manoma, mazaunin Tawa, kuma ba na tarayya da waɗannan mutane a cikin abin da suke bauta wa. Na faɗi haka tun da wuri domin mai karatu ya san inda na tsaya. Amma tun da na fara karanta labarin bikinsu ya ƙi fita daga raina, domin na ga mutanen da kakanninsu suka bar gona tun da daɗewa suna tono littattafai suna neman yadda ake murnar kaka, alhali mu da gonar ke hannunmu har yanzu, da yunwar da ke gabanta da ƙoshin da ke bayanta, muna barin abubuwan da iyayenmu suke yi a wannan lokaci suna zubewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya rubuta su ba.

Akwai abu guda da ya kamata a kawar tun kafin a yi nisa. Da yawa daga cikin mabiya Wika suna kiran abin da suke yi tsafi ko sihiri, kuma suna alfahari da sunan da a da ake kashe mutane a Turai saboda shi. Wannan ba shi da alaƙa da maitar da ake tsoro a garuruwanmu, wadda ake cewa mai ita yana kama kurwar mutum. Abin da suke yi ya fi kusa da bautar gargajiya haɗe da addu'o'i da turare da kyandir da sanin tsirrai, kuma ƙa'idar da suka fi maimaitawa ita ce mutum ya yi abin da ya so muddin bai cutar da kowa ba. Na tsaya a kan wannan ne saboda na san yadda zargin maita yake raba tsohuwa da gidanta a ƙauye, kuma ba na son rubutuna ya zama itacen hura wannan wuta.

Addinin Wika sabo ne, duk da cewa yana sanye da tsofaffin tufafi. Wanda ya fito da shi fili wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884 ya mutu a 1964, kuma ya yi shekaru yana aikin gwamnatin mulkin mallaka a yankin Malaya kafin ya koma gida. A 1951 majalisar Birtaniya ta soke tsohuwar dokar hana tsafi ta 1735, sai Gardner ya sami damar fitowa yana cewa shi ɗan wata tsohuwar ƙungiyar asiri ce da ta tsira a ɓoye tun zamanin da, kuma a 1954 ya buga littafi a kan haka. Ya dogara sosai da ra'ayin wata masaniya, Margaret Murray, wadda tun 1921 ta yi da'awar cewa mutanen da aka yi wa shari'ar tsafi a Turai mabiya wani tsohon addini ne guda ɗaya. Masana tarihi da suka zo daga baya sun bincika takardun shari'o'in sun ƙi yarda da wannan da'awa, kuma Ronald Hutton na jami'ar Bristol, wanda ya fi kowa bin diddigin lamarin, ya nuna cewa an haɗa Wika ne a tsakiyar ƙarni na 20 daga littattafan sihiri da waƙoƙin marubuta da al'adun ƙauye. Abin da ya burge ni shi ne mabiya addinin da yawa sun karɓi wannan bincike ba tare da faɗa ba, suka ci gaba da bikinsu suna sane da cewa sabo ne. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, mutum kusan 74,000 suka rubuta cewa addinin gargajiya suke bi, wasu kusan 13,000 kuma suka rubuta Wika. A Amurka, tun 2007 hukuma ta yarda a sa tauraronsu mai tsini biyar a kan kabarin sojan da ya mutu a kan wannan addini.

Shekararsu a kasa take zuwa bukukuwa 8, tsakanin kowane biyu kimanin mako 6 ko 7. Huɗu suna bin tafiyar rana, wato ranar da ta fi tsawo da wadda ta fi gajarta da ranaku biyu da dare da rana suke daidaita, sauran huɗun kuma an ɗauko su daga tsohuwar kalandar mutanen Ayilan. Babu wata al'umma ta zamanin da da aka san tana yin duka takwas ɗin a jere; Gardner da abokinsa Ross Nichols da mabiyansu ne suka haɗa su a shekarun 1950 da 1960. Uku daga cikin bukukuwan na kaka ne. Na 1 ga Agusta shi ne na hatsi, alkama da sha'ir. Na wajen 21 zuwa 23 ga Satumba na 'ya'yan itatuwa ne, kuma sunan Mabon da ake kiransa da shi wani Ba'amurke mai suna Aidan Kelly ne ya laƙaba masa a shekarun 1970. Na ƙarshe shi ne na daren 31 ga Oktoba, lokacin da a da ake yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa a cikin sanyi ba, kuma a nan suke tuna matattunsu.

Yadda suke yin na Agusta ba shi da wuyar bayani. Ƙaramar ƙungiya, wadda bisa al'ada ba ta wuce mutum 13, tana shata da'ira a ƙasa, ta fuskanci gabas da kudu da yamma da arewa tana kiran iska da wuta da ruwa da ƙasa, sannan ta ajiye burodi da zangarniyar alkama da furanni a kan wani ɗan tebur. Suna ba da labarin allansu na hatsi wanda, a faɗarsu, yake mutuwa a bakin lauje domin mutane su rayu, ya sake tashi a cikin irin da za a shuka. Suna gutsura burodin suna miƙa wa juna da abin sha, suna zuba kaɗan a ƙasa, kowa kuma ya ambaci abin da ya girba a shekarar, ko da kuwa jarrabawa ce ya ci ko ciwo ya warke. Wanda ba shi da ƙungiya yakan yi shi kaɗai a ɗakinsa da kyandir da ɗan burodi, kuma an ce irin waɗannan sun fi yawa a yau.

Inda lamarin ya fi kama ni shi ne tushen bikin, domin a nan ne na ga fuskar manomi na gaskiya. Bikin Lunasa tsoho ne ƙwarai a Ayilan, kuma yana cikin waɗanda masana ba su musun tsufansu. Tatsuniyarsu ta ce wani allansu mai suna Lu ne ya kafa shi domin tunawa da matar da ta rene shi, Tailtiu, wadda gajiya ta kashe bayan ta sare daji ta mai da shi gonaki. A Ingila kuma, tun fiye da shekara dubu, ana kai burodin farko na sabuwar alkama coci a ranar 1 ga Agusta a sa masa albarka. Amma abin da talakawan ƙauyen Ayilan suka riƙe har zuwa ƙarni na 20 ya fi tatsuniyar nauyi. Watan Yuli a wurinsu watan yunwa ne, har suna kiransa da wannan suna, domin tsohon abinci ya ƙare sabo bai nuna ba. Abin kunya ne mutum ya tona sabon dankali kafin ranar bikin, domin hakan yana nuna bai iya tattali ba. Idan ranar ta zo, wato Lahadin ƙarshen Yuli ko ta farkon Agusta, sai a tona dankalin farko a dafa a ci a ƙoshi, matasa su hau tuddai su tsinki 'ya'yan itatuwan daji, a yi rawa da wasanni, a ƙulla soyayya. Har gobe dubban Kiristoci suna hawa dutsen Croagh Patrick, mai tsawon mita 764, a Lahadin ƙarshe ta Yuli, wasu ba takalmi.

Duk ɗan Adar da ya karanta wannan ya san abin da ake faɗa ba sai an yi masa bayani ba. Yulinsu shi ne Agustanmu. Shi ne lokacin da rumbu ya koma sai ƙura da ɓeraye, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa, maigida yana noma da ruwan fura mai tsinkewa a cikinsa, uwargida tana haɗa tafasa da zogale da ɗan garin rogo domin yara su kwana da wani abu. Mutane suna kallon gona kore shar alhali tukunya babu komai. Daga nan sai wake ya fara nuna a ci ɗanye a dafa, sai hatsi ya yi ido, sai wata rana da yamma a karyo zangarniya a babbaka a wuta a murza a tafin hannu a hure ƙaiƙayi. Wanda bai ci tumu bayan irin wannan jira ba, ba na jin akwai bayanin da zai isar masa da daɗinsa. Shekarun da damina ta yi gardama, irin 1973 da 1984 da 2005, sun koya wa gidajenmu cewa wannan rana ba tabbas ba ce, ana iya jiranta ta ƙi zuwa, maza su kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya tun kafin a kai ga girbi.

Saboda haka ne nake ganin akwai rami a tsakiyar bikin mabiya Wika na birni, kuma masu hankali daga cikinsu sun san da shi. Ranar bikinsu a rubuce take a kalanda, tana zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba, kuma burodin da ke kan tebur zai samu ko da fari ya cinye gonakin ƙasar duka, domin jirgin ruwa zai kawo alkama daga wani wuri. Waɗanda ke Ostareliya da Afirka ta Kudu ma sai da suka juya kalandar suka mai da bikin farkon Fabrairu, saboda a can ne zafinsu yake, wanda ya nuna cewa biki irin wannan ba ya zama daidai sai ya bi ƙasar da ake tsaye a kanta. Ba na faɗar wannan da raini. Mutumin da ya tashi a bene na goma, bai taɓa riƙe hauya ba, amma zuciyarsa ta gaya masa cewa bai kamata a ci abinci kullum ba tare da an tsaya rana ɗaya an tuna daga inda ya fito ba, wannan mutum ya ji wani abu na gaskiya, ko da ni da shi mun saɓa a kan wanda ya cancanci godiyar. Wasunsu suna noma ɗan fili a bayan gida domin su sami abin da za su girba da hannunsu, wasu kuma suna tara abincin gwangwani da gari a ranar bikin su kai wa wuraren da ake raba wa mabuƙata, kuma a ganina wannan na ƙarshe shi ne mafi kyawun abin da ke cikin bikin nasu.

A ƙasarmu ma an yi bautar gargajiya mai alaƙa da gona, kuma ba a gama da ita ba ƙaf. Aznan Adar da na Arewa da na Gobir suna da dokokinsu na shuka da girbi, da wuraren da suke yanka, da gidajen da aka san su da gadon ƙasa ko na ruwa ko na farauta. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni har yanzu ana taruwa kowace shekara a yi arwa domin duba yadda damina mai zuwa za ta kasance, kuma mutane suna zuwa kallo daga nesa, har daga ƙetaren iyaka. Akwai buɗin daji da ake yi watanni bayan kaka. 'Yan bori suna da shan kabewa, wanda yake buɗe musu cin sabon amfani. A Lugu, garin Sarauniyar da ta yi yaƙi da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, sarautar ta ci gaba bayanta. Ainihin ƙa'idar da ke ƙarƙashin waɗannan abubuwa ita ce wadda mutanen Ayilan suka riƙe: ba a faɗa wa sabon abinci haka kawai, akwai wanda yake fara taɓawa, akwai rabon da ake fitarwa kafin a ci.

Na tambayi kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa a gona a wani ƙauye gabas da Tawa, ko ya tarar da irin wannan. Na ce masa, «Kawu, a zamaninku yaro yana iya shiga gona ya karyo tumu da kansa?» Ya ce, «Ɗana, ko kusa. Sai maigida ya fara, sai an kai wa tsofaffin gida, sannan ku.» Ya ba ni labarin yadda ake aika furar sabon hatsi gidan liman da gidan surukai da gidan gwauruwar da ba ta da mai noma mata, da yadda ake barin mata da yara su bi bayan masu girbi su yi kala ba mai korarsu. Ya kuma yi mini zancen bikin dubu, wanda manomin da ya sami dami dubu yake yi, ya tara makaɗa da maroƙa da dangi, ya yi ta rabon hatsi da tufafi da dabbobi har dukiyar ta ragu ƙwarai, daga nan ne ake kiransa sarkin noma. Na daɗe ina juya wannan a raina. Al'ummar da ta ce ba ka zama babban manomi da abin da ka tara ba sai da abin da ka rabar, ta fahimci wani abu game da kaka wanda ba a koyo a littafi.

Musulunci da ya zo bai bar wannan wuri fanko ba. A cikin Suratul An'am, aya ta 141, Allah ya yi umarni da a ci daga amfanin shuka idan ta yi 'ya'ya, kuma a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa idan amfanin ya kai nisabi, wato wusƙi 5 ko sa'i 300, abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin 10, abin da aka shayar da wahala kuma, irin na lambun da ake ja wa ruwa, ɗaya cikin 20. Shi ya sa manomi yake ƙirga damma a bakin gona, in ya kai na goma ya jingine shi gefe. Babu da'ira, babu kyandir, babu kiɗa, amma akwai godiya ga wanda ya saukar da ruwan, kuma godiyar tana da nauyin da ake ɗauka a ka a kai ƙofar gidan wani. A nan nake tsaye, kuma ina ganin abin da mabiya Wika suke lalube a cikin duhu, wato hanyar da za a haɗa murnar ƙoshi da haƙƙin wanda bai ƙoshi ba, mu an ba mu shi a rubuce da adadinsa.

Sai dai ba zan ɓoye damuwata ba, domin kakar yanzu ba ta kai ta kawu daɗi ba ko a shekarar da aka yi ruwa. Manoma da yawa suna shiga girbi da bashin da suka ci a watan yunwa, an ba su kuɗi ko tiya a kan za su biya da dami, don haka rabin hatsin yana da mai shi tun yana tsaye a gona. Abin da ya rage kuma ana kai shi kasuwa a watan Oktoba da Nuwamba lokacin da farashi ya faɗi, saboda kuɗin makaranta da na magani da na aure, sannan mutumin nan ya dawo ya sayi hatsin da ya noma da tsada idan bazara ta yi nisa. Gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, har gidan da kakansu ya cika rumbu uku yanzu jikoki ba su cika ɗaya ba. A irin wannan hali furar da ake aika wa maƙwabta ita ce take fara ɓacewa, kuma ba rowa ce ta kawo haka ba. Bankunan hatsi na ƙauye da tsarin ajiye amfani a sito a karɓi rance a kansa har farashi ya tashi sun taimaka a inda aka riƙe su da amana, kamar yadda aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da ramukan tassa masu tare ruwan sama na yankin Illela da Badagishiri suka mai da fako gona. Duk wanda yake son murnar kaka ta dawo garuruwanmu, daga nan zai fara, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani ɓangare na murnar dai bai mutu ba, ya ma ƙara girma. Tsohon bikin Ayilan yana tafe da babban taro a wurin da ake kira Teltown, inda ake tseren dawaki da gwada ƙarfi da sasanta rigingimu da ƙulla aure, har gwamnatinsu ta farfaɗo da wasannin a Dublin a 1924 da 1928 da 1932 kafin su sake tsayawa. Mu namu bai tsaya ba. Kokowa wasan kaka ce tun asali, samari sun ƙoshi, aiki ya ƙare, wata ya yi haske, sai ƙauye ya gayyaci ƙauye a dandali. A nan Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe ta, kuma yau takobin kokowa yana tsayar da ƙasar nan gaba ɗaya a gaban talabijin da rediyo. Yaron da yake ihu a filin kokowa yana cikin bikin kaka ne ko bai sani ba, kuma ina son a riƙa gaya masa.

Dalilin da ya sa mabiya Wika suka sami abin da za su tono game da Lunasa shi ne wasu mutane sun zauna sun rubuta tun tsofaffi suna da rai. Gwamnatin Ayilan ta kafa hukumar tattara al'adun gargajiya a 1935. Daga 1937 zuwa 1939 aka sa yaran firamare fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 suka je wurin kakanninsu da maƙwabtansu suka rubuto tatsuniyoyi da magunguna da al'adun gona a cikin littattafan makaranta, kuma waɗannan rubuce-rubuce suna nan a ajiye, ana karanta su a intanet. A 1942 hukumar ta aika tambayoyi na musamman a kan bikin farkon girbi, kuma daga amsoshin ne wata ma'aikaciyarta, Máire MacNeill, ta fitar da babban bincikenta a 1962. Waɗanda suka yi wannan aiki Kiristoci ne masu riƙe da addininsu, ba su rubuta domin a koma bautar da ba, sun rubuta ne domin a san yadda kakanninsu suka rayu.

Muna da wuraren da za su iya ɗaukar irin wannan aiki. A Yamai akwai cibiyar binciken tarihi da al'adu ta IRSH a jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 domin tattara tarihin baka, kuma jami'armu ta Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Baturiya Nicole Echard ta yi shekaru tana bincike a kan borin Adar, amma abin da ta rubuta da Faransanci yake, kuma kaɗan ne daga cikin jikokin waɗanda ta yi hira da su suka taɓa ganinsa. Na san akwai masu jin tsoron cewa rubuta al'adun Azna tamkar tallata su ne. Ina girmama wannan tsoro, amma ban yarda da shi ba, domin malaman da suka rubuta tarihin Larabawa kafin Musulunci, da gumakansu da kasuwanninsu da waƙoƙinsu, manyan malaman Musulunci ne, kuma ba a ce sun yi laifi ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar kuɗin wata ƙungiya daga waje. Ɗaliban da za su koma ƙauye hutu, kowannensu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Su zauna da kaka ko kakane ko inna, su gaishe su yadda ya dace, su nemi izini, sannan su tambaya: wane ne yake fara cin sabon hatsi a gidan nan, kuma wa ake kai wa kafin a ci, waɗanne irin gero ake shukawa a da waɗanda yanzu babu su, wace waƙa mata suke yi a wurin sussuka, yaya ake ɗaure dami, kuma dami nawa ke cika rumbun gidan, wane ne mutum na ƙarshe da ya yi dubu a yankin, kuma me ya raba. A rubuta sunan ƙauyen da shekarar da aka yi hirar, a ajiye muryar da Hausar da aka faɗe ta, Adaranci ko Arewanci ko Gobiranci, kada a gyara ta zuwa Hausar littafi. Ni na fara da kawu, kuma idan Allah ya kai mu girbin bana zan koma wurin matan gidan, domin su ne suke riƙe da sanin iri da na rumbu da na waƙoƙin turmi, kuma su ne ba a cika tambaya ba.